Gustav Ernesaks, Uban Waƙa Na Ƙasar Estoniya

A gaɓar Tekun Baltik, can arewa maso gabashin Turai, akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa da ake kira Estoniya. Rasha ce maƙwabciyarta ta gabas, Latbiya ta kudu, Finlan kuwa tana tsallaken ruwa daga arewa. Faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 45,000 da 'yan kai ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Shekara wajen 700 ƙasar nan ta yi tana fita daga hannun wannan mai ƙarfi tana faɗawa hannun wancan. Jamusawa da mutanen Denmak da na Polan da na Suwidin da Rashawa, kowa ya taka ta a zamaninsa. Duk da haka harshen mutanenta bai mutu ba, su kuma ba su narke cikin waɗanda suka mallake su ba. In ka tambayi mutumin Estoniya abin da ya riƙe su, da wuya ya ƙare bayani bai ambaci waƙa ba, in kuwa ya ambaci waƙa, to, sunan Gustav Ernesaks yana tafe.

Shi wannan mutum mai tsara karin waƙa ne, kuma jagoran ƙungiyoyin mawaƙa. Mutanensa suna yi masa laƙabi da Laulutaat, watau Uban Waƙa. Tarihinsa ya cancanci mai karatu ya dube shi da natsuwa, domin ya yi kusan rabin ƙarni yana aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ta mamaye ƙasarsa, ya ci albashinta, ya karɓi lambobinta na girma, har shi ne ya tsara mata take. Kuma shi ɗin dai ne ya tsara waƙar da mutanen Estoniya suka riƙe a madadin taken ƙasarsu da aka haramta, suka yi ta rera ta har ranar da mulkin kai ya komo musu.

Gadon da ya tarar

Kafin a fahimci Ernesaks sai an san matsayin waƙa a wurin mutanensa. A zamanin da, 'yan asalin Estoniya talakawa ne masu noma, gonakin kuwa na manyan Jamusawa ne waɗanda kakanninsu suka ci ƙasar da yaƙi tun cikin ƙarni na 13. Manomi yana ɗaure da gonar ubangidansa, ba shi da ikon tashi ya koma wani wuri. Har bayan da Rasha ta karɓe ƙasar a farkon ƙarni na 18, Jamusawan nan ne suka ci gaba da riƙon gona da kotu da coci. Sai a 1816 da 1819 aka soke wannan bauta a lardunan biyu da 'yan Estoniya ke zaune.

Abin da ya taimaki talakawan shi ne makarantun ƙauye. Coci yana so kowa ya iya karanta littafin addini da harshensa, saboda haka karatu ya yaɗu ƙwarai, malamin makaranta kuwa sau da yawa shi ne mai koya wa mutanen ƙauye waƙar taro. Ita wannan waƙa ta bambanta da wadda mawaƙi guda ke ja 'yan amshi suna karɓa. Ana raba mawaƙa ne kashi huɗu gwargwadon kaifin murya da kaurinta, kowane kashi da nasa kari, sa'an nan a rera su gaba ɗaya su haɗu su zama abu guda. Jagora yana tsaye a gabansu, bakinsa a rufe, da hannu da ido yake nuna inda za a ɗaga murya da inda za a sassauta. In kashi ɗaya ya kauce, duk waƙar ta ɓaci. Don haka wanda ya tashi cikin irin wannan waƙa ya koyi sauraron ɗan'uwansa tun yana yaro.

A cikin 1869 wani ɗan jarida, Johann Voldemar Jannsen, ya shirya Bikin Waƙa na ƙasa na farko a birnin Tartu. Hujjar da ya kai wa hukuma ita ce murnar cika shekara 50 da soke bauta. Mawaƙa da masu busa sama da 800 suka hallara, dukansu maza. Cikin waƙoƙin da aka rera guda biyu ne kaɗai ɗan Estoniya ya tsara karinsu, watau Aleksander Kunileid, baitocinsu kuwa na Lydia Koidula ne, 'yar shi Jannsen, wadda har yau ake ɗauka uwar rubutacciyar waƙa ta ƙasar. Daga wannan biki manoman da suka zo daga gundumomi dabam dabam suka koma gida da sanin cewa su al'umma ɗaya ce. Aka ci gaba da yin bikin lokaci lokaci, daga 1896 kuma ya koma Talin, babban birnin ƙasar.

Ƙuruciya da neman ilmi

An haifi Gustav Ernesaks ran 12 ga Disamba, 1908, a ƙauyen Perila, cikin lardin Harju, ba nisa da Talin. A sa'an nan Estoniya tana ƙarƙashin Sarkin Rasha. Yana ɗan shekara 9 ƙasarsa ta yi shelar mulkin kai, ran 24 ga Fabrairu, 1918, ta kuma yi yaƙi don ta tabbatar da shi, har Rasha ta Sobiyet ta amince da shi a yarjejeniyar Tartu ta 1920. Ernesaks yana cikin samarin farko da suka yi karatunsu a ƙasa mai tutarta da gwamnatinta, inda harshen uwarsu ne harshen makaranta da na ofis. Wannan abu ya bi shi har tsufa.

Ya shiga Kwalejin Kiɗa da Waƙa ta Talin, ya fara da koyon piyano da ogan, babban abin kiɗan nan na coci. A 1931 ya sami takardar malamin waƙa a hannun Juhan Aavik, a 1934 kuma ya ƙare karatun tsara kari a hannun Artur Kapp, wanda yana cikin manyan malaman wannan fanni a ƙasar. Ya koyar a makarantun Talin, yana kuma jagorancin ƙungiyoyin mawaƙa na sa kai, irin waɗanda ma'aikata da ɗalibai ke taruwa da maraice bayan an tashi aiki. A 1937 aka ɗauke shi koyarwa a kwalejin da ta yaye shi. Waƙoƙinsa na wannan lokaci masu sauƙin riƙewa ne, ba su fi ƙarfin muryar talaka ba, wasunsu kuma sun shiga bakin jama'a har ana zaton na gargajiya ne. Da al'amura sun tafi daidai, da ya ƙare rayuwarsa malami mai daraja a ƙasa mai zaman lafiya.

Yaƙi da baƙunta

Ran 23 ga Agusta, 1939, Jamus ta Hitila da Tarayyar Sobiyet ta Stalin suka ƙulla yarjejeniya, a asirce kuma suka raba gabashin Turai tsakaninsu. Estoniya ta faɗo a rabon Stalin. A watan Yuni, 1940, sojan Sobiyet suka mamaye ta, a watan Agusta aka haɗe ta cikin Tarayyar. Ran 14 ga Yuni, 1941, aka kwashe mutum wajen 10,000 a dare ɗaya, har da mata da yara, aka loda su cikin taragun jirgin ƙasa zuwa cikin Rasha da Saiberiya. Bayan mako guda Hitila ya warware alkawari ya auka wa Tarayyar Sobiyet. Da Rashawa za su ja da baya sai suka tattara mazajen Estoniya sama da 30,000 da sunan aikin soja suka tafi da su. Ernesaks yana cikinsu. Da yawa daga cikin mutanen nan an tura su aikin ƙarfi a daji, inda yunwa da sanyi suka hallaka dubbai tun a hunturun farko.

Sana'arsa ce ta fid da shi. A 1942 hukumar Sobiyet ta tara mawaƙa da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo na Estoniya a birnin Yaroslabil, a bakin kogin Bolga, don su riƙa yi wa soja da ma'aikata wasa. Ernesaks ya zama ɗaya daga cikin jagororin mawaƙansu. Nesa da gida, alhali ƙasarsa tana hannun Jamusawa, kuma ba wanda ya san abin da za a tarar in an koma, ya ɗauko tsofaffin baitocin nan na Koidula waɗanda aka rera a bikin 1869, ya yi musu sabon kari a 1944. Sunan waƙar Mu isamaa on minu arm, ma'anarsa ƙasata ita ce abar ƙaunata. Karin yana farawa a hankali, cikin sanyin murya, ya yi ta hawa har ya cika, sa'an nan ya sauko ya kwanta. Babu gangar yaƙi a ciki, babu zagin kowa, ba a kuma ambaci sunan wani abokin gaba ba. Wannan ya sa hukuma ba ta ga aibinta ba da fari, shi ne kuma ya sa ta rasa hujjar kashe ta daga baya.

A cikin kakar 1944 sojan Sobiyet suka kori Jamusawa suka sake shiga Talin. Dubun dubatar 'yan Estoniya suka tsere ta teku zuwa Suwidin da Jamus, cikinsu har da malaminsa Juhan Aavik da shahararren mai tsara kiɗa Eduard Tubin. Ernesaks kuwa ya komo gida ne a bayan rundunar da waɗancan suke gudu. Ya tarar da birnin ya sha bama-bamai, babban gidan wasan ƙasar ma ya ƙone tun watan Maris. A wannan shekara ya kafa ƙungiyar mawaƙa maza ta gwamnati, wadda aka fi sani da RAM, mutanen da waƙa ita ce aikinsu na albashi. A 1945 aka ba shi muƙamin farfesa, a shekarar kuma ya tsara karin taken Jamhuriyar Estoniya ta Sobiyet, bisa baitocin marubuci Johannes Semper. Tsohon taken ƙasa da tutarta mai launin shuɗi da baƙi da fari an riga an haramta su, wanda aka kama da su kuwa kurkuku ce makomarsa.

Shekarun tsoro

Sabuwar gwamnati ba ta soke Bikin Waƙa ba. Ta ga amfaninsa, domin dubban mutane cikin tufafin gargajiya suna rera waƙa a ƙarƙashin jar tuta shaida ce da za a nuna wa duniya cewa jama'a sun yarda da sabon mulki. Su kuwa jagororin mawaƙa sun ga cewa in bikin ya mutu, ƙungiyoyin ƙauyuka za su watse, abin da aka gina tun 1869 ya rushe. Kowane ɓangare ya shiga cinikin da tasa manufa. A 1947 aka yi bikin farko bayan yaƙi, mawaƙa da makaɗa wajen 25,000 suka hallara, Ernesaks yana cikin manyan jagorori. Aka rera waƙoƙin yabon Stalin da jam'iyya kamar yadda aka umarta. A nan ne kuma jama'a suka ji sabon karin baitocin Koidula daga bakin dubban mawaƙa. Mutanen da aka kwashe musu 'yan'uwa, waɗanda ba su da ikon faɗin abin da ke ransu ko a gaban maƙwabci, suka gane abin da waƙar ke nufi ba tare da wani ya yi musu fassara ba.

Bayan wannan sai al'amura suka ƙara tsanani. A watan Maris, 1949, aka sake kwashe mutum sama da 20,000 zuwa Saiberiya, yawancinsu mata da yara da tsofaffi daga ƙauyuka, don a karya manoma su shiga gonakin gama-kai. A 1950 jam'iyya ta juyo kan masu ilmi, tana tuhumarsu da kishin ƙasa irin na 'yan jari-hujja. Manyan jagororin mawaƙa uku waɗanda suka tsaya tare da Ernesaks a bikin 1947, watau Tuudur Vettik da Alfred Karindi da Riho Päts, duk aka kama su aka tura su sansanonin aikin ƙarfi, ba su fito ba sai bayan mutuwar Stalin a 1953. Johannes Semper ma, wanda ya rubuta baitocin taken jamhuriyar, bai tsira daga tuhuma ba. Waƙar Koidula aka cire ta daga jerin abin da za a rera a bikin 1950 da na 1955.

Ernesaks ba a kama shi ba. A waɗannan shekaru ne ma ya sami lambar Stalin har sau biyu, a 1947 da 1951. Wannan shi ne wurin da tarihinsa ya fi nauyi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Mutum ne da ya ga an ɗauke abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da zuwa aiki, ya hau dandali ya jagoranci waƙoƙin da aka ba shi. Wanda bai zauna ƙarƙashin irin wannan mulki ba yana iya saurin yanke hukunci. Amma abin da ya tabbata shi ne, da ya ɗaga murya a 1950, da ya zama na huɗu a jirgin Saiberiya, bikin kuma ya koma hannun waɗanda ba su damu da abin da aka gada ba. Haka nan ya tabbata cewa zamansa a kan dandali ya ba gwamnatin mamaya kwarjinin da take nema. Duka biyu gaskiya ne.

Bikin 1960

A 1960 aka ƙare ginin sabon dandali a filin bikin da ke gefen Talin, kusa da teku. Alar Kotli ne ya zana shi, wata irin babbar rumfa mai lanƙwasa kamar baka, wadda ke ɗaukar mawaƙa 15,000 a kan matakala, tana kuma tura muryarsu zuwa ga jama'ar da ke zaune a kan gangaren tudu. A bikin wannan shekara ma ba a sa waƙar Koidula cikin jeri ba. Da aka ƙare abin da aka tsara, manyan baƙi suna shirin tashi, sai mawaƙa suka ƙi sauka. Suka ɗauki waƙar da kansu, babu jagora a gabansu, jama'ar da ke kan tudu kuma suka miƙe tsaye suka kama. Hukuma ta rasa abin yi, domin ba a kama mutum dubu goma-goma saboda sun rera baitocin da ke cikin littattafan makaranta. Daga ƙarshe Ernesaks ya hau ya jagorance su.

Tun daga ranar aka san inda ƙarfin yake. A bikin 1965 aka mai da waƙar cikin jeri, a 1969 kuma, da ake murnar cika shekara 100 da bikin farko, aka rera ta jama'a suna tsaye. Ta zama al'ada ita ce ke zuwa a ƙarshe. Ana yini biyu ana rera abin da gwamnati ke so, har da ƙungiyoyin sojan Sobiyet da baƙi daga sauran jamhuriyoyi, jama'a suna haƙuri suna jiran 'yan mintocin nan na ƙarshe. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Bayan kowace shekara biyar mutanen Estoniya sukan taru su ga yawansu da idonsu, su ji muryarsu da kunnensu, su koma gida da abin da zai riƙe su wata shekara biyar.

Muhimmancin wannan ya ƙaru ne saboda yadda ƙasar ke sauyawa. A ƙidayar 1934 'yan asalin Estoniya su ne kashi 88 cikin 100 na mazaunanta. Zuwa ƙidayar 1989 sun koma kashi 61 da ɗoriya, saboda yaƙi da gudun hijira da kwashe mutane, da kuma ma'aikatan da aka yi ta kawowa daga sauran sassan Tarayyar. Harshen Rashanci yana ta cin wuri a ofis da masana'anta. Al'ummar da ba ta wuce mutum miliyan ɗaya ba tana da dalilin jin tsoron ɓacewa, filin waƙa kuwa yana cikin wurare ƙalilan da harshenta ke da rinjaye a bainar jama'a.

Aikinsa na yau da kullum

Kada mai karatu ya zaci waƙa ɗaya ce duk abin da mutumin nan ya bari. Ya riƙe ƙungiyar RAM a matsayin babban jagoranta daga 1944 har 1975, ya kuma ci gaba da kula da ita har ƙarshen ransa. A hannunsa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin mawaƙa maza na duniya, ta zaga Tarayyar Sobiyet daga wannan iyaka zuwa waccan, ta kuma fita ƙasashen waje tana rera waƙoƙi da harshen da yawancin masu sauraro ba su taɓa ji ba. Darajarta ta kai har Dmitri Shostakovich, babban mai tsara kiɗa na Rasha, ya rubuta wani jerin waƙoƙi na muryoyin maza a 1970 ya sadaukar da shi ga Ernesaks, ƙungiyar kuma ta fara rera shi a Talin. Samuwar irin wannan ƙungiya ta sa matasan masu tsara kari na Estoniya, irin su Veljo Tormis, suka sami waɗanda za su rera musu ayyuka masu wuya, ciki har da waɗanda aka gina a kan tsofaffin waƙoƙin gargajiya na manoma da masunta.

Shi kansa ya tsara waƙoƙin taro masu yawan gaske, da na yara, da wasannin kwaikwayo na waƙe guda biyar, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Tormide rand na 1949. Ya rubuta littattafai a kan rayuwarsa da sana'arsa. A kwaleji kuwa ya yaye jagororin mawaƙa bi da bi, cikinsu har da Eri Klas, wanda ya yi suna a ƙasashen Turai. Akwai kuma aikin da ba a gani a ranar biki. Kafin mawaƙa dubbai su tsaya wuri ɗaya su rera abu guda, sai an yi shekaru ana shiri: a zaɓi waƙoƙi, a buga su, a rarraba wa ƙungiyoyin ƙauyuka da makarantu da masana'antu, sa'an nan manyan jagorori su bi lardi lardi suna sauraro suna gyara. Ernesaks ya yi wannan zirga-zirga shekara da shekaru, har ya zama da wuya a sami mawaƙi a ƙasar wanda bai taɓa tsayawa a gaban hannunsa ba.

Gwamnati ta ci gaba da ɗora masa lambobi. A 1956 aka ba shi laƙabin Mai Fasahar Jama'ar Tarayyar Sobiyet, a 1970 lambar Lenin, a 1974 kuma laƙabin Gwarzon Aiki. Lambobin nan sun zama masa garkuwa, sun kuma zama garkuwa ga bikin, domin ƙaramin jami'in jam'iyya ba ya iya ture maganar mutumin da Mosko ta ɗaukaka haka.

Juyin juya hali na waƙa

Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a 1985 ya sassauta wa jama'a, sai abin da ke ɓoye ya fito fili. A 1987 'yan Estoniya suka yi zanga-zangar ƙin wani shirin haƙar ma'adini da zai ɓata musu ruwa da ƙasa. A watan Yuni, 1988, matasa suka riƙa kwana a filin waƙa suna rera waƙoƙin kishin ƙasa, tutar da aka haramta tana kaɗawa a sama. Ran 11 ga Satumba aka yi taron da ba a taɓa ganin irinsa ba a filin, inda aka fito fili aka nemi mulkin kai. Wani mai zane, Heinz Valk, shi ya raɗa wa wannan yunƙuri suna Juyin Juya Hali na Waƙa. Ran 23 ga Agusta, 1989, shekara 50 cif bayan yarjejeniyar Hitila da Stalin, mutum wajen miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Talin zuwa Riga zuwa Bilniyus, tafiyar sama da kilomita 600.

Matasan nan suna da sababbin waƙoƙinsu da sababbin mawaƙansu, amma filin da suka taru a ciki, da al'adar taruwa dubbai ba tare da hargitsi ba, da waƙar da suke rufe taro da ita, duk gado ne da aka adana musu. A bikin 1990 tutar ƙasa ta komo fili, aka rera tsohon take, ƙungiyoyin 'yan gudun hijira kuma suka zo daga ƙasashen waje. Ernesaks, yana da shekara 81, ya hau dandali ya jagoranci waƙarsa, wannan ne kuma bikinsa na ƙarshe. Ran 20 ga Agusta, 1991, ana tsakiyar yunƙurin juyin mulki a Mosko, majalisar Estoniya ta yi shelar komowar mulkin kai. An zub da jini a Lituweniya da Latbiya a farkon wannan shekara, amma a Estoniya abin ya ƙare ba a kashe kowa ba.

Ernesaks ya rasu a Talin ran 24 ga Janairu, 1993, yana da shekara 84. Aka binne shi a maƙabartar Metsakalmistu, inda ake binne manyan ƙasar. Bai ga fitar sojan Rasha na ƙarshe ba, wadda ta auku a watan Agusta, 1994, amma ya rasu a ƙasa mai tutarta, kamar wadda ya yi ƙuruciya a ciki.

Abin da ya bari

Mutanen zamaninsa sun bi hanyoyi dabam dabam. Wasu sun yi hijira sun riƙe harshensu a baƙuwar ƙasa. Wasu sun shiga daji da bindiga, yawancinsu kuma a can suka ƙare. Wasu sun sha ɗauri. Wasu sun sayar da 'yan'uwansu don muƙami. Ernesaks ya zauna a kan aikinsa, ya biya abin da aka tilasta masa ya biya, ya kuma tsare abin da aka ba shi amana har ya miƙa shi ga na baya. Akwai masu ganin ya yi kusa da hukuma fiye da kima, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Amma jama'ar da suka sha wuyar wannan mulki su ne suka fi cancanta su yi hukunci, sun kuwa yi shi. Taken da ya tsara wa jamhuriyar Sobiyet an ajiye shi tare da ita, waƙar da ya tsara a baƙunta kuwa ita ce ake miƙewa tsaye dominta.

Ma'aikaci da ɗalibi suna da abin dubawa a nan. Ba kullum mutum ke zaɓen wanda zai yi aiki a ƙarƙashinsa ba, amma shi ke zaɓen abin da zai tsare da abin da zai bari ya lalace a hannunsa. Gwamnatoci da dama sun shuɗe a kan Estoniya a rayuwar mutumin nan, aikin da ya yi da kyau kuwa ya fi su duka daɗewa.

A 2003 hukumar UNESCO ta sa bukukuwan waƙa da rawa na Estoniya da Latbiya da Lituweniya cikin manyan al'adun da 'yan Adam suka gada. A 2004 ƙungiyar RAM, wadda aka sake wa suna Ƙungiyar Mawaƙa Maza ta Ƙasa, tana cikin waɗanda suka sami lambar Grammy ta Amurka saboda faifan waƙoƙin Sibelius. A wannan shekara kuma aka kafa mutum-mutumin Ernesaks na tagulla, aikin Ekke Väli, a saman tudun filin waƙa, yana zaune yana fuskantar dandali. A 2019 aka yi murnar cika shekara 150 da bikin farko. Kamar yadda aka saba, aka kunna wuta a Tartu aka zaga da ita lardunan ƙasar har Talin, aka rataya wa jagorori ganyen itacen ok a wuya, mawaƙa sama da 30,000 suka hallara, yawancinsu ba su taɓa ganin Ernesaks da ido ba. Da aka zo ƙarshe suka rera karin da ya tsara a 1944.